Tantanin Tabo: Tarihin Gardamar A Cire Ko A Bari

Sama da shekara sittin ke nan likitocin tiyata ke gardama a kan wani tantani da sau tari bai fi takarda kauri ba. Tantanin yana fitowa ne a ƙirjin duk macen da aka saka wa robar nono, ko an saka don ƙarin girma ne, ko don maye gurbin nonon da aka yanke saboda sankara. Muddin robar na zaune lafiya, babu mai kula da shi. Ranar da aka tashi fitar da ita kuwa, dole likita ya yanke shawara: ya haɗa da tantanin ya cire, ko ya bar shi a jiki. Amsar ta sauya sau da yawa tun daga 1962, kuma duk lokacin da aka ɗauki amsa guda aka ɗora wa kowa, mata ne suka ji a jikinsu.

Mazaunin Bukan Sidi, a gefen titin Jos cikin garin Lafia, yana iya cewa wannan zancen mutanen Landan da Legas ne. Amma zancen na da ƙofa biyu da yake shigo mana. Ta farko ita ce sankarar mama, wadda ta fi kowace sankara kama mata a Najeriya; ƙiyasin hukumar binciken sankara ta duniya ya nuna sama da mata 28,000 ne suka kamu da ita a ƙasar nan a 2020 kaɗai, kuma cikin waɗanda aka yanke wa nono akwai masu neman a gyara musu gurbin. Ta biyu ita ce tafiya. Daga Lafia zuwa Abuja, ta Akwanga da Keffi, 'yan awanni ne, daga Abuja kuma jirgi na kai mutum Legas, Alƙahira, Santambul ko Indiya. Wadda aka yi wa aiki a can gida take dawowa, kuma a gida ne matsalar ke tasowa bayan shekaru.

Kafin a san silikon

A 1895 wani likitan jami'ar Heidelberg ta Jamus, Vincenz Czerny, ya cire ƙari daga nonon wata mata, ya ɗebo dunƙulen kitse daga bayanta ya cike gurbin da shi. Daga nan aka saba fara ƙirgen tarihin gyaran nono a tiyatar zamani. Waɗanda suka biyo bayansa ba su tsaya kan naman jikin mutum ba. An yi allurar kakin farafin, an gwada ƙwallon gilashi, hauren giwa da soson roba. Bayan Yaƙin Duniya na Biyu aka shiga ɗura ruwan silikon kai tsaye cikin nono, abin da ya fara yaɗuwa a Japan kafin ya tsallaka Amurka. Ƙarshen yawancin waɗannan gwaje-gwaje guda ne: nono ya yi tauri, ya yi gudaji, ya yi gyambo, wani lokaci sai an yanke shi.

Abin da likitoci suka koya a wannan zamani shi ne jikin ɗan Adam ba ya barin baƙon abu ya zauna a cikinsa haka kawai. In ya kasa narkar da shi, ya kasa turo shi waje, sai ya kewaye shi da naman tabo, kamar yadda tafin ƙafa ke yi wa guntun ƙayar da ta karye a ciki. Cikin 'yan makonni tantani ya gama lulluɓe baƙon. Haka yake faruwa a kewayen na'urar daidaita bugun zuciya, haka kuma a kewayen ƙarfen da ake ɗora karaya da shi. Samuwar tantanin ba cuta ba ce, aikin jiki ne. Cuta na shigowa ne idan ya sauya hali.

Daga Houston zuwa zamanin matsa

A 1962 likitoci biyu na birnin Houston a jihar Texas, Thomas Cronin da Frank Gerow, tare da kamfanin Dow Corning, suka zuba silikon mai kauri cikin jakar roba suka rufe, domin kada ya bazu cikin nama. Macen farko da aka saka wa ita ce Timmie Jean Lindsey, uwar 'ya'ya shida, wadda ta je asibiti don a goge mata zanen da ke ƙirjinta aka roƙe ta ta yarda a gwada. Bayan 'yan shekaru wani likitan Faransa, Henri Arion, ya fito da jakar da ake cikawa da ruwan gishiri. Har yau waɗannan iri biyu ne ke kasuwa.

Ba a daɗe ba aka ga inda gizo ke saƙar. A jikin mata da yawa tantanin kan yi kauri ya tsuke, ya matse robar har nono ya zama kamar dutse, ya haura sama, ya karkace, ya riƙa zogi. Kamfanoni suka zaci kaurin robar ne sila, don haka a shekarun 1970 suka siranta jakar suka tsinka silikon ɗin. Sai aka sami sabuwar matsala: silikon na tsattsafowa ta jikin jakar ko da ba ta huje ba, fashewa kuma ta yawaita. A wannan lokaci ne likita James Baker ya kasa taurin kashi huɗu, ma'aunin da ake amfani da shi har gobe. Mataki na ɗaya nono na da taushi kamar na halitta. Na biyu ya ɗan yi tauri amma ido ba ya gani. Na uku tauri ya bayyana, siffa ta sauya. Na huɗu ga tauri, ga karkacewa, ga ciwo.

Maganin da aka fara yayi a tsakiyar shekarun 1970 shi ne matsa. Likita zai sa hannu biyu ya matse nonon da iyakar ƙarfinsa har sai tantanin ya tsage daga ciki, wani lokaci ana jin ƙarar. Babu yanka, babu ɗinki, babu tsada, shi ya sa dabarar ta karɓu. Daga baya aka gane cewa matsar na fasa robar kanta, tana tura silikon cikin nama har zuwa hammata, tana jawo zubar jini a ciki, taurin kuma yakan dawo. Kamfanonin da kansu suka rubuta gargaɗi a kanta, aka watsar. Aka koma ga wuƙa: ko a buɗe a tsattsaga tantanin don ya saki, ko a feɗe shi a fitar. Likitoci suka kuma fara tura robar ƙarƙashin tsokar ƙirji maimakon samanta, domin tauri ya fi ƙaranci a can. Wannan sauyi ya rage wata matsala, amma shi ne ya sa cire tantani ya ƙara wuya daga baya, domin a ƙarƙashin tsoka bayansa na manne da haƙarƙari.

Akwai kuma dabarar sauya fuskar robar. An lulluɓe wasu da soson foliyuretan, aka janye su daga kasuwar Amurka a 1991 saboda fargabar sinadarin da soson ke saki in ya ruɓe. A ƙarshen shekarun 1980 aka fito da roba mai kaushin baya, wadda nama ke kamawa, da fatan za ta hana tantani tsukewa. Sai bayan shekara ashirin aka san kuɗin da za a biya kan wannan kaushi.

Shekarun kotu

Majalisar Amurka ta ba hukumar abinci da magunguna ta ƙasar, FDA, ikon sa ido kan kayan aikin likita a 1976, amma robobin da suka riga suka shiga kasuwa aka bar su suka ci gaba. A Disambar 1990 'yar jarida Connie Chung ta gabatar da shiri a tashar CBS inda mata suka ce robar ta jawo musu ciwon gaɓoɓi da cututtukan garkuwar jiki. A ƙarshen 1991 wata kotu a San Francisco ta umarci Dow Corning ya biya wata mata dala miliyan 7.3. A Janairun 1992 shugaban FDA, David Kessler, ya nemi a dakatar da saka robar silikon, a Afrilu kuma aka taƙaita ta ga masu gyaran gurbin nono da waɗanda ke cikin bincike. Ƙararraki suka yi wa Dow Corning yawa har ya shiga kotun fatara a 1995, daga bisani aka sasanta kan dala biliyan 3.2.

Dubban mata suka yi tururuwa a cire musu, kuma a nan ne tambayar tantani ta zama babba a karo na farko. Masu cewa a cire sun kafa hujja da cewa silikon ɗin da ya tsattsafo a jikinsa yake maƙalewa, tsohon tantani kan tara ƙasa-ƙasar alli ya yi ƙarfi kamar ɓawon ƙwai, ya rikita hoton binciken sankara, ko ya tara ruwa. Masu cewa a bari sun nuna cewa siririn tantani mai lafiya yakan lafe ya manne bayan an zare robar, feɗe shi kuma na ƙara zubar jini da ɓata siffar nono. Kowane ɓangare na da gaskiyarsa, domin ba tantani iri ɗaya suke magana a kai ba.

A 1999 Cibiyar Likitanci ta Amurka ta fitar da babban rahoto da ya ce ba a sami hujjar cewa silikon na haddasa waɗancan cututtuka na jiki gaba ɗaya ba, amma matsalolin da ke faruwa a wurin da robar take, wato tauri, fashewa, ciwo da maimaita tiyata, su ne ainihin abin damuwa. A Nuwambar 2006 FDA ta sake amincewa da robar silikon ta kamfanonin Allergan da Mentor, ga mata masu shekara 22 zuwa sama in don ado ne.

Faransa ta ga nata tashin hankalin. A Maris 2010 hukumomi suka gano kamfanin PIP na cika robobinsa da silikon na masana'antu maimakon wanda aka amince a sa wa mutum. An riga an sayar wa mata dubu ɗaruruwa a ƙasashe da dama, musamman Kudancin Amurka. A Disambar 2011 gwamnatin Faransa ta shawarci mata kusan 30,000 su je a cire musu, a 2013 kuma kotu a Marseille ta ɗaure mai kamfanin, Jean-Claude Mas, shekara huɗu. Babban darasin da aka ɗauka shi ne mata da yawa ba su san sunan abin da ke ƙirjinsu ba, asibitocin da suka yi musu aiki kuma wasu sun rufe. Wannan ya ƙarfafa kiran a riƙa rajistar kowace roba da lambarta.

Sankara a cikin tantanin

A 1997 likitoci biyu, Keech da Creech, suka wallafa labarin wata mata da aka samu wata irin sankarar ƙwayoyin garkuwar jiki a kusa da robar nononta. An ɗauke shi abin da ya faru sau ɗaya. Rahotanni suka ci gaba da taruwa har FDA ta yi gargaɗi a Janairun 2011, Hukumar Lafiya ta Duniya kuma ta sanya cutar cikin jerinta a 2016. Ana kiran ta BIA-ALCL. Ba sankarar naman nono ba ce. A cikin tantanin da ruwan da ke tsakaninsa da roba take farawa. Yawanci tana bayyana ne bayan shekara takwas zuwa goma, nono ɗaya ya kumbura farat ɗaya saboda ruwa ya taru, wani lokaci da ƙulli. Kusan duk waɗanda aka san tarihinsu sun taɓa ɗaukar roba mai kaushin baya. Masana na danganta abin da doguwar tsokanar da kaushin ke yi wa garkuwar jiki, tare da ƙwayoyin cutar da ke samun maɓoya a ramukansa.

Binciken da Mark Clemens da abokan aikinsa na cibiyar MD Anderson a Houston suka fitar a 2016 ya nuna cewa cikakkiyar tiyata ita ce ginshiƙin maganin: a fitar da roba da tantani da duk wani ƙulli a dunƙule guda, tare da ɗan lafiyayyen nama a kewaye, ba tare da an huda ba. In an kama cutar da wuri, wannan aikin kaɗai kan isa. A Afrilun 2019 Faransa ta haramta robobi masu tsananin kaushi. Ranar 24 ga Yulin 2019 Allergan ya janye samfurinsa mai kaushi, Biocell, daga duniya bisa buƙatar FDA, wadda a lokacin ta lissafa mutum 573 da suka kamu, 481 daga cikinsu na ɗauke da robar kamfanin, 33 kuma sun rasu. Duk da haka hukumar ba ta ce matan da ba su da wata alama su je a cire musu ba, domin cutar ba ta da yawa, tiyata kuma na da nata haɗarin. A Satumbar 2022 ta ƙara sanar da wasu nau'ukan sankara da aka samu jefi-jefi a cikin tantanin.

Muryar mata da amsar bincike

A daidai wannan lokaci wasu dubban mata suka haɗu a zaurukan Facebook suna ba juna labarin gajiya, ciwon gaɓoɓi, mantuwa, zubewar gashi da ƙuraje, suna cewa robar ce sila. Babu gwajin jini da ke tabbatar da wannan rashin lafiya, amma da yawansu sun ce sun samu sauƙi bayan an cire. Wasunsu sun ba da shaida gaban kwamitin FDA a Maris 2019, kuma matsin lambarsu na cikin abin da ya sa a Oktoban 2021 aka wajabta gargaɗi mai ƙarfi a takardar bayanin roba da takardar da likita zai bi layi-layi da mace kafin aiki.

Sai dai a waɗannan zauruka wata aƙida ta kafu: duk wadda za a cire wa roba, dole a yi mata irin aikin masu sankara, in ba haka ba guba ta rage a jiki. Wasu likitoci suka mai da wannan hajar talla, ana ɗaukar hoton tantanin a ɗora a intanet. Manyan ƙungiyoyin likitocin gyaran jiki suka ja kunne. Aikin dunƙule guda na buƙatar dogon yanka da tsawon lokaci a ƙarƙashin allurar barci. In robar na ƙarƙashin tsoka, tantanin na manne da haƙarƙari da siririn naman da ke tsakaninsu, huhu kuma na bayansa kaɗan. Wuƙa ta zarce, iska ta shiga ƙirji, huhu ya lafe. Ta gaba kuma, in naman nono siriri ne, feɗewar na iya kashe fata. Garin neman gira sai a rasa ido.

Caroline Glicksman da Patricia McGuire suka jagoranci wani bincike da ya bi mata 150 cikin rukuni uku, aka fara wallafa sakamakonsa a 2022. An gano cewa matan da ke kuka da waɗannan alamomi sun samu sauƙi sosai bayan an cire robar, kuma sauƙin bai dogara da ko an cire tantanin duka, ko an cire shi a dunƙule guda, ko wani ɓangare kawai aka cire ba. Binciken ya gaskata matan a kan cewa cirewa na taimaka musu, ya kuma rushe da'awar cewa sai an yi aiki mafi girma.

Yadda zancen ya iso gida

A Najeriya tiyatar ado ta fito fili a 2001 lokacin da Modupe Ozolua ta kafa kamfanin Body Enhancement ta riƙa kawo likitoci daga Amurka zuwa Legas. Ranar 23 ga Oktoban 2005 matar shugaban ƙasa, Stella Obasanjo, ta rasu a Sifaniya bayan tiyatar rage kitse a wani asibitin kuɗi na yankin Marbella, kotu kuma ta samu likitan da laifin sakaci a 2009. Ba aikin nono ba ne, amma daga ranar 'yan Najeriya da yawa suka san cewa tiyatar ado tiyata ce cikakkiya, da duk haɗarinta.

A Arewa kuwa wannan fanni ya kafu ne kan gyaran lahani: asibitin yara masu ciwon noma na Sakkwato da aka buɗe a 1999, sashen ƙuna da gyaran jiki na asibitin ƙashi na Dala a Kano, da asibitin koyarwa na Shika a Zariya. Malamai ma sun bambanta gyara da ado. Suna kafa hujja da labarin sahabi Arfaja ɗan As'ad, wanda aka sare wa hanci a yaƙi ya sa na azurfa, ya yi wari, Annabi (SAW) ya umarce shi ya sa na zinariya. Majalisar Fiƙihun Musulunci ta Duniya, a zamanta na 2007 a Malesiya, ta halatta tiyatar mayar da gaɓa yadda take, har da gina nono bayan an yanke shi, ta kuma hana sauya lafiyayyar halitta don son rai kawai.

A Jihar Nasarawa, manyan wuraren da mai matsalar nono ke dosa su ne asibitin ƙwararru na Dalhatu Araf a Lafia, wanda aka miƙa wa gwamnatin tarayya don ya zama asibitin koyarwa na Jami'ar Tarayya ta Lafia, da Cibiyar Lafiya ta Tarayya a Keffi, sai kuma Asibitin Ƙasa na Abuja. Amma al'adarmu ita ce kumburin nono kan fara zuwa kemis, a ce ƙurji ne a sha maganin kashe ƙwayoyin cuta, ko a ce daji ne a nemi mai sassaƙe, ko a kira wanzami ya yi sakiya. Ga mai roba a ƙirji, sakiya na iya fasa ta ta shigar da ƙwayoyin cuta. Kunya kuma na iya hana mace gaya wa likita cewa akwai wani abu a ciki. Abin da ya dace shi ne a ɗauki hoton ƙirjin da na'urar sikanin, a zuƙo ruwan da allura, a kai ɗakin binciken nama a nemi alamar da ake kira CD30, kafin kowa ya ɗauki wuƙa.

Matsayar da aka kai yau

Bayan duk wannan tafiya, yawancin ƙwararru sun tsaya kan cewa halin tantanin ne ke yanke hukunci. In an tabbatar da sankara, a fitar da komai a dunƙule guda da lafiyayyen nama a kewaye. In tantanin ya yi tauri zuwa mataki na uku ko na huɗu, ko ya tara alli, ko silikon ya fashe a cikinsa, ko ya kamu da ƙwayoyin cuta, a cire shi gwargwadon abin da za a iya ba tare da jefa mace cikin haɗari ba. In siriri ne mai lafiya kewaye da roba mai santsi, barinsa ko cire wani ɓangare ba laifi ba ne. In robar mai kaushi ce kuma babu alama, magana ce tsakanin mace da likitanta, da sanin cewa ba a tabbatar cire tantanin na kawar da haɗarin gaba ɗaya ba, don haka sa ido zai ci gaba. Duk abin da aka ciro mai alamar tambaya a tura shi bincike.

FDA na ba masu robar silikon shawarar yin hoto bayan shekara biyar zuwa shida da sakawa, sannan duk bayan shekara biyu zuwa uku, kuma tana jaddada cewa robar ba ta zama har ƙarshen rayuwa. Ga 'yar Bukan Sidi da aka yi wa aiki a Abuja ko a ƙetare, abu mafi daraja da za ta dawo da shi shi ne katin da ke ɗauke da sunan kamfani, samfuri da lambar robar, da takardar da ta faɗi ko a saman tsoka take ko a ƙarƙashinta. Ta kuma tabbatar likitan da zai taɓa ta na da rajista da hukumar likitoci ta ƙasa da horon tiyatar gyaran jiki. Likitan da ya ce kullum yana cire tantani duka, da wanda ya ce bai taɓa cirewa ba, dukkansu sun yanke hukunci kafin su duba ta, kuma tana da haƙƙin ta nemi ra'ayin wani.